Garin neman gira muna rasa ido



Yau a kan ƙurajen fuska zan yi magana, waɗanda yaranmu ke kira fimfus, maƙwabtanmu Yarabawa kuma su ce irore. Na san wani zai ce, duk abin da ke damun unguwar nan, ga tsadar abinci, ga kuɗin haya, ga rashin wuta, sai a kan ƙurji za a ɓata takarda? To a yi haƙuri a ji dalili.

Ana saura wata biyu bikin 'yar ƙanena, uwarta ta aiko a kira ni, wai yarinyar ta daina fitowa ko tsakar gida. Da na shiga ɗaki ta yaye mayafi, wallahi sai da gabana ya faɗi. Fuskar ta yi ja kamar an yanka ta da tafasasshen ruwa, ƙananan ƙuraje iri ɗaya sun bi kumatu da gefen baki har wuya, fatar ta yi laushin da har jijiyoyi ake hangowa. Ta ce min, "Goggo, ni fa ko rana ba na iya shiga, ji nake kamar an watsa min barkono." Wannan yarinya na san ta tun tana goye. Watanni biyar kafin ranar, abin da ke fuskarta bai wuce 'yan ƙuraje a goshi da haɓa ba, irin na kowace budurwa.

Abin da ya faru kowa a unguwar nan ya san irinsa. An kai ta wurin mai gyaran jiki, aka ba ta mai a cikin farar roba, babu suna, babu rubutu. Sati biyu fuska ta yi sumul, ta yi haske, 'yan uwa na ta sa albarka. Da man ya ƙare, kwana huɗu ba a yi ba fuskar ta yi bore. Aka koma aka sayo wani, wanda aka ce ya fi ƙarfi. Haka aka yi ta yi har aka kai inda na same ta. Na ɗauki robar na je wurin matar, na ce, "Hajiya, don Allah me kika zuba a nan?" Ta ce sirrin sana'a ne. Ban bar gidan ba sai da na ga bututan da ta matse ta zubar a kwandon shara. A jikinsu an rubuta clobetasol. Na yi shekaru ina aikin jinya, na san wannan maganin, na kuma san ko a asibiti ba a yarda a shafa shi a fuska haka kawai ba.

Maganata ke nan a taƙaice: ƙurajen fuska ciwo ne da aka san dalilinsa, aka san matakansa, aka san maganinsa. Mafi yawan fuskokin da suka lalace a unguwar nan, magani ne ya lalata su, da camfin da muke yi wa ciwon. Kuma mu manya mu ne da laifi, tunda mu ke kai yaran, mu ke biyan kuɗin.

Bari mu fara da abin da ke kawo su. A jikin fatarmu akwai ƙananan ƙofofi inda gashi ke fitowa, kowace ƙofa kuma tana da 'yar jakar da ke yin maiƙo don fata ta yi laushi. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa a nan ƙurajen suka fi fitowa. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, jiki yakan ƙara yin wani sinadari da ake kira androjin, shi kuma sai ya sa jakunkunan nan su girma su yi ta zubo maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata, ƙofa ta toshe. A cikin ƙofar akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai ƙurji da marar ƙurji. Da ta samu wuri a toshe cike da maiƙo sai ta hayayyafa, jiki ya taso ya yaƙe ta, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya. Abu huɗu ke nan: maiƙo, toshewa, ƙwayar cuta, kumburi. Akwai kuma gado. Idan uwa ko uba sun sha fama da su, da wuya 'ya'ya su tsallake.

To a cikin waɗannan huɗun, ina ƙazanta? Ina sha'awa? Ina sammu? Amma ku saurari abin da muke faɗa wa yaranmu. Budurwa ta fito da ƙuraje, sai a yi ta yi mata dariya a gidan biki, wai aure take so. Saurayi ya fito da su, a majalisa a ce sha'awa ce ta yi masa yawa. Haba jama'a! In da aure na maganin ƙuraje, da ba mu ga matan aure masu 'ya'ya uku suna fama da su duk wata in al'ada ta kusa ba, da ba mu ga masu ciki da su ba. Wannan magana ba wasa ba ce, cin mutunci ne, kuma tana sa yarinya ta ɓoye ciwonta ta je ta nemi magani a ɓoye wurin wanda bai san komai ba.

Sai masu cewa rashin wanka ne. Wannan baƙin ɗigon da ake gani a hanci da goshi ba dauɗa ba ce. Maiƙon da ya toshe ƙofar ne ya sha iska ya yi baƙi, kamar yadda goro ke sauya launi in an ɓare shi an ajiye. Ka dirje shi da soso har fuska ta yi jini, ba zai fita ba, sai dai kumburin ya ƙaru. Na ga yaran da ke wanke fuska sau shida a rana da sabulun wanki. Wasu su shafa makilin su kwana da shi, wasu lemun tsami da kanwa, wasu toka. Duk ƙona fata suke yi, kuma mu baƙar fata duk inda ya ƙone ko ya kumbura baƙin tabo yake bari, tabon da kan yi watanni bai tafi ba.

Sai masu cewa dattin ciki ne ko ƙazamin jini, a ɗura wa yaro agbo ko jiƙon wankin ciki ya yini yana zawo. Babu wata hanya da ta taso daga hanji ta ɓullo a kumatu. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da tsire su ma sun sha zargi, alhali maiƙon abinci ba shi ke fitowa a fuska ba, fata ce ke yin nata. Abincin da bincike ya nuna yana iya ƙara wa wasu mutane ƙuraje shi ne mai yawan sukari da farar fulawa, irin su lemun kwalba da burodi, sai kuma madara ga wasu. Ga shi kuwa su ne yaranmu ke karyawa da su kullum wurin mai shayi, babu mai cewa komai.

Akwai kuma abubuwan da zaman nan Kudu ke ƙara mana. Iskar Ibadan ba irin ta Katsina ko Sakkwato ba ce. A can fata na bushewa har ta tsage in hunturu ya shiga, shi ya sa muka taso da al'adar laftawa fuska basilin da man kaɗanya. A nan kuwa ga gumi ga laima kusan duk shekara, amma ba mu sauya al'adar ba. Mai mai kauri a fuskar da dama take da maiƙo, toshe ƙofofi yake ƙara yi. Man kitso da ke gangarowa goshi shi ma haka, shi ya sa za ka ga yarinya ƙurajenta sun yi layi a bakin gashi. 'Yan uwanmu masu okada kuma, hular kwano da igiyarta na goga goshi da haɓa cikin gumi tun safe har dare. A riƙa wanke cikin hular, a riƙa sauya hijabi da ɗankwali da rigar filo. Sannan 'yan matan da ke shan ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, su sani da yawansu dexamethasone ne, kuma fito da ƙuraje na cikin ƙananan illolinsa.

Yanzu matakai, don a nan ne ake yawan kuskure. Ba duk ƙuraje ne ɗaya ba, kuma ba magani ɗaya suke so ba.

Mataki na farko, mai sauƙi: baƙin ɗigo da farin ɗigo, da 'yan jajayen ƙuraje jefi-jefi. Wannan a gida ma ana iya shawo kansa. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar zafi, da hannu, ba da soso ba. A nemi benzoyl peroxide, haka ake rubuta shi a jikin kwali, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari. Yana kashe ƙwayar cutar, yana buɗe ƙofa. A fara da kaɗan, rana ɗaya a shafa rana ɗaya a huta, don yakan busar da fata da farko. A kula, yana cinye launin tufa, zai iya ɓata hijabi da tawul. Akwai kuma adapalene mai kashi 0.1, wanda ake shafawa da dare, kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ga duk fuska, yana hana ƙofofin toshewa. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi. Akwai azelaic acid, wanda ke taimakawa har ga baƙin tabo, likita kan ba wa mai ciki ma.

Mataki na biyu, matsakaici: jajayen ƙuraje da masu farin kai na mugunya sun yi yawa, sun bi kumatu, wataƙila har ƙirji da baya. Nan kam a ga likita. Yakan haɗa na shafawa da na sha, galibi doxycycline, na kamar wata uku, a sha da ruwa cikin kofi kuma kada a kwanta nan take. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara. Kuma ba a shan sa shi kaɗai babu na shafawa, don kada ƙwayar cutar ta saba da shi. Wannan ya sha bamban da abin da ake yi a nan, inda yaro zai sayi kafso ja da yalo guda huɗu, ya haɗiye biyu, ya fasa biyu ya kwaɓa da mai ya shafa. Ga mata akwai wasu magungunan da ke daidaita sinadaran jiki, su ma sai likita ya duba. Macen da ƙurajenta suka taru a haɓa da muƙamuƙi, al'adarta na tsallake watanni, gashi na fito mata a gemu, ta je a duba ta da kyau, don sau da yawa matsalar daga ƙwan mahaifa take, kuma tana iya shafar haihuwa.

Mataki na uku, mai tsanani: manyan ƙullutu masu zafi a can cikin fata, wasu su haɗe su yi ruwa, in sun warke su bar rami ko tudun tabo. Wannan babu man shafawar da zai iya masa, kuma duk watan da aka ɓata ana gwaje-gwaje, tabo ne ke ƙaruwa wanda ba ya gogewa. Aikin likitan fata ne. Akwai magani mai ƙarfi da ake kira isotretinoin, wanda ke ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon, ana shan sa watanni, kuma mutane da yawa sun rabu da ciwon ta dalilinsa. Amma ku ji da kyau: idan mace ta ɗauki ciki tana shan sa, yana nakasa jariri mummunar nakasa. Dole a tabbatar babu ciki kafin a fara, kuma ba a ɗaukar ciki sai an yi aƙalla wata ɗaya da dainawa. Amaryar da za ta tare nan da wata biyu ba ta da haɗi da shi. Duk wanda ya sayar da wannan a kan kanta babu takardar likita, ya ji tsoron Allah.

Abu ɗaya ya haɗa duk waɗannan magunguna na gaskiya: ba sa sauri. Sai an yi sati shida zuwa takwas kafin a fara ganin sauyi, sai an yi wata uku kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Wani lokacin ma fuskar kan ɗan ƙara tashi a makonnin farko. To a nan ne mai man haɗi ke cin kasuwarta, don ita sati ɗaya take alkawari, kuma a ido tana cikawa.

Me ya sa nata ke sauri? Saboda abin da ke ciki sitiroyid ne, irin su clobetasol da betamethasone. Aikinsu danne kumburi da ja. Ba sa buɗe ƙofar da ta toshe, ba sa rage maiƙo. Rufe wuta ne da zani. Kana shafawa fata na sirancewa, jijiyoyi na bayyana, nankarwa na fitowa, gashi na tsirowa a fuskar mace, makero da ƙyasbi na samun wurin zama, sannan shi kansa maganin ya haifar da nasa ƙurajen, irin waɗanda na gani a fuskar 'yar ƙanena. Ka daina, fuska ta yi bore, ka koma. Wanda ya daɗe yana shafe jiki da shi, yana ratsa fata ya shiga jini, har ya iya taɓa hawan jini da sukari. Mayukan nan da kowane gida ke da su, irin su Funbact-A da Skineal, duk akwai sitiroyid a cikinsu. Magunguna ne da aka yi don wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki, mu ne muka mayar da su man shafawa na kullum, har da zuba wa jarirai a cikin man kaɗanya. Wasu masu haɗin kuma suna ƙara hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake bar wa kumatu wani baƙi mai kauri da ba ya fita, wasu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ba banza ba a 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Da yawan 'yan matanmu kuwa ta ƙofar maganin ƙuraje suka shiga bilicin, ba da niyya ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Mai kemis zai ce, "Hajiya, ni kasuwa nake, abin da aka tambaya nake bayarwa." Malam, lasisin da hukumar PCN ke ba masu kemis bai haɗa da irin waɗannan magunguna da sai da takardar likita ba, kai ma ka sani. Kuma yarinyar ba sunan magani ta zo da shi ba, fuskarta ta nuna maka ta ce ka taimaka mata, kai ka miƙa hannu ka zaɓo. Mai gyaran jiki za ta ce da wannan sana'a take ciyar da marayu. Allah ya sa albarka a neman halal, babu mai faɗa da dilka da lalle da turaren wuta. Amma sayar wa mutum abu a roba ana ɓoye masa abin da ke ciki, alhali an san zai cutar da shi, ha'inci ne, kuma malamanmu na nan, a tambaye su hukuncinsa.

Iyaye za su ce asibiti tsada, ga layi, ga Turanci da Yarabanci. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a zauna a lissafa kuɗin roba biyar ko shida na man haɗi, da sabulunsa, da hodar da za a yi ta saye ana rufe ɓarna, sannan a ƙarshe a je asibitin dai, da ciwo biyu maimakon ɗaya. Araha ba ta ado. Daga nan Sabo zuwa UCH tafiyar minti nawa ce? Mutane na tasowa daga wasu jihohi su zo ganin likitocin fata a can, mu da muke maƙwabtaka da su muna kai 'ya'yanmu bayan gidan wata a kwaɓa musu abin da ba a sani ba. In harshe ne matsala, unguwar nan cike take da yaran da suka yi karatu, a ɗauki ɗaya ya raka.

Wasu kuma za su ce ai ƙurji ne kawai, in ya girma zai daina. Da yawa sukan daina, haka ne. Amma ramin da ƙurji mai tsanani ya bari ba ya cikewa don mutum ya girma. Kuma ku dubi yaran nan da kyau. Akwai yarinyar da ta daina zuwa Islamiyya saboda tsokana, akwai saurayin da ba ya iya ɗaga kai ya gaida mutane. Wanda bai taɓa tsayawa gaban madubi yana kuka ba, shi ke cewa ƙurji ne kawai.

Ga abin da nake roƙo. Iyaye mata, duk man da ba shi da suna da jerin abin da ke ciki da lambar NAFDAC, kada ya shiga gidanku, ko wace ce ta kawo shi. Wanda ke da rubutu kuma a karanta, in an ga clobetasol ko betamethasone, ba na ƙurajen fuska ba ne. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa, ta je likita ya nuna mata yadda za ta rabu da shi, ta kuma shirya haƙuri, don fuskar za ta yi bore kafin ta lafa. Samari da 'yan mata, ku cire hannu daga fuskarku. Matsa ƙurji tura mugunya ciki yake yi, tabon da zai bari kuma ya fi ƙurjin daɗewa. Dangin ango, ku daina sa wa amarya ido a kan sai ta yi fari kafin a kawo ta, wannan matsin ne ke tura uwaye wurin masu haɗi. Masu kemis na unguwa, ku zauna a ƙungiyarku ku yi wa kanku doka tun kafin hukuma ta zo ta yi muku. Limamanmu da malaman Islamiyya, ku ba wannan magana ko minti biyar ne, an fi jin ku fiye da ni. Shugabannin unguwa kuma, me zai hana a gayyato likitan fata rana ɗaya ya zauna da mata da matasa, a samu mai fassara, kowa ya yi tambayarsa?

'Yar ƙanena an ɗaga bikinta. Ta yi makonni tana kuka da fuskar da ke ƙuna, tana roƙon a bar ta ta shafa man ko sau ɗaya ne, uwarta na zaune kusa da ita ta kasa haɗa ido da kowa. Yanzu alhamdulillahi ta samu sauƙi sosai, amma akwai wurare biyu a kumatunta da har yau hoda ce ke rufe su. 'Yan ƙurajen da aka fara wannan wahala dominsu, likita ya ce da ƙaramin bututu ɗaya da haƙurin wata uku sun isa.

Robar tana nan a ɗakina, ban zubar ba. Duk uwar da ke shirin kai 'yarta gyaran fuska kafin bikin bayan Sallah, ta biyo ta gani tukuna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a. Wassalam.